Layance Saƙon Imel Ba Ya Wadatarwa Sai An Tantance Mai Karɓa

A kowace safiya saƙonnin imel na fita daga bankuna, asibitoci, jami'o'i da ma'aikatun gwamnati, ɗauke da takardun kwangila, lissafin albashi da sakamakon gwajin marasa lafiya. Da zarar kwamfuta ta nuna saƙo ya tafi, sai hankalin mai aikawa ya kwanta. Ba a cika tambayar hannun da ya ratsa kafin ya isa ba.

Tsarin da kwamfutoci ke bi wajen miƙa wa juna imel, wato SMTP, an shimfiɗa shi ne tun a 1982, lokacin da akasarin masu amfani da shi jami'o'i ne da cibiyoyin bincike na Amurka waɗanda suka yarda da juna. Saƙo a buɗe yake tafiya, tamkar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba. A 1999 aka ƙara masa wata ƙa'ida mai suna STARTTLS domin layance saƙo a kan hanya, ma'ana a rikita rubutun yadda wanda ya tare shi ba zai iya karantawa ba.

To amma a nan gizo ke saƙar. Uwar garken da za ta karɓi saƙo, wato babbar kwamfutar da ke ajiye imel ɗin ma'aikata, a fili take sanar da cewa tana iya layancewa. Idan wani ya tsaya a tsakani ya goge sanarwar, kwamfutar mai aikawa ba za ta tsaya ba, sai kawai ta tura saƙon a buɗe, kuma babu wanda za a faɗa wa. Binciken da masana daga jami'o'in Mishigan da Ilinoi suka yi tare da kamfanin Google a 2015 ya gano cewa kusan kashi 96 cikin 100 na imel ɗin da aka aika daga Tunisiya zuwa Gmail an tuɓe musu wannan kariya. Wani ɓangare na irin wannan aikin na'urorin tace saƙo na kamfanoni ne, ba lallai leƙen asiri ba, amma saƙon dai tsirara ya tafi.

Ko da an layance, akwai sauran rina a kaba. Kowace uwar garke tana gabatar da takardar shaida wadda ke nuna ko ita wace ce, sai dai da yawa daga cikin kwamfutocin aikawa ba sa duba ta. Wadda wa'adinta ya ƙare, da wadda ke ɗauke da sunan wani gidan, duk karɓa ake yi. Wannan daidai yake da mutum ya kulle akwati da kwaɗo, sannan ya miƙa shi da mabuɗinsa ga duk wanda ya ce shi ne ɗan aiken.

Magani kuwa ya samu tuni. Ƙa'idar DANE ta 2015 da ta MTA-STS ta 2018 suna bai wa ma'aikata damar shelanta cewa kada a kawo mata saƙo sai a layance, kuma sai takardar shaidarta ta inganta. Gmail ya fara aiki da MTA-STS a 2019. Batun kuɗi ma ba hujja ba ne, domin tun daga 2015 cibiyar Let's Encrypt ke ba da takardun shaida kyauta.

A ganina, ainihin cikas ɗin na shugabanci ne. Idan aka tsaurara tantancewa, ranar da takardar shaidar abokin hulɗa ta ƙare saƙo zai maƙale, kuma jami'in kwamfuta ne zai sha faɗa wurin manaja. Don gudun haka sai ya kashe tantancewar, saƙonni su ci gaba da tafiya, kowa ya yi shiru. Ke nan ƙaramin ma'aikaci ya yanke hukuncin da ya kamata hukumar gudanarwa ta yanke.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin ɗaukar matakan tsaro da suka dace. Saboda haka ya kamata bankin da ke musayar bayanan masu ajiya da wani kamfani ya rubuta a cikin yarjejeniyarsu cewa saƙon da aka kasa tantance mai karɓarsa a tsayar da shi, a sanar da mai aikawa. MTA-STS na da matakin gwaji, wanda ke kawo rahoton matsala ba tare da tare saƙo ba, kuma daga nan ya dace a soma.