Motsin Hannu a Wasannin Dabara na Bidiyo

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa tsayawa kan masu dara, ka san cewa mai zurfin tunani ne yake cin wasa. Haka wasannin dabara na bidiyo suke. Mai wasa yakan shirya runduna, ya raba mata aiki, ya kuma auna lokacin da ya rage masa.

Shekaru da dama irin waɗannan wasanni sun fi daɗin yi a kwamfuta, domin linzaminta yana kai mutum inda yake so nan take. A na'urar wasa da ake haɗawa da talabijin kuwa, sai an yi ta tura alama da babban yatsa kafin a kai ga wurin da ake nufi. Sau da yawa dabara tana cikin kai, amma hannu ya makara.

A shekarar 2006 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da na'urar Wii. Abin sarrafa ta yana gane motsin hannu, kuma ana nuna allo da shi kamar yadda malami yake nuni da sanda. Ka dubi wasan Pikmin, wanda ya fara fitowa a 2001, daga baya aka sabunta shi domin Wii. A cikinsa kana jagorantar ƙananan halittu har 100 a lokaci guda. Jajaye ba sa ƙonewa a wuta, shuɗɗa kuma ba sa nitsewa a ruwa. Da nuni kawai za ka jefa jajaye wajen wuta, ka juya ka tura shuɗɗa cikin tafki. Lokacin da a da yake tafiya wajen saiti ya koma na tunani, kuma a ganina nan ne wasan ya ƙara zurfi.

Sai dai kada sabon abu ya ruɗe ka. A 2010 kamfanin Microsoft ya fito da Kinect, kyamarar da take bin motsin jiki gaba ɗaya. Ta yi farin jini da farko, musamman a wasannin rawa, amma a 2017 aka daina ƙera ta. Wasan dabara yana bukatar umarni daidai wa daida, kuma hannun da aka daɗe ana ɗagawa yakan gaji ya yi kuskure. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saboda haka, kafin ka ba wani wasa lokacinka ko kuɗin iyayenka, tambayi kanka: shin motsin nan yana taimaka mini in zartar da abin da na tsara, ko kuwa wahalar da ni kawai yake yi? Idan yana taimaka maka, wasan ya cancanci yabo. Idan ba haka ba, dara a gindin bishiya ta fi shi koya maka dabara.