Mun Mayar da Likitanci Sanda, Muna Dukan 'Ya'yanmu da Ita

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a zangon Sokodé da na Dapaong: "Ɗan wa ya samu likitanci?" Yaron da ya ci maki 13 cikin 20, wanda ya cancanci walima, sai mu bi shi da kallon tausayi don bai kai 16 ba. Wannan hali namu zalunci ne, ko da mun laƙaba masa sunan ƙauna.

Jami'o'in gwamnati biyu ne ke horar da likitoci a Togo, ta Lomé da ta Kara. Gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa tun daga Cinkassé har bakin teku. Yaron Nano yana jin Hausa a gida, Moba a kasuwa, sai a aji ya gamu da Faransanci, kuma da shi zai yi gasa da ɗan birni mai malamin darasi na musamman. Idan bai samu ba, ƙofar ce ƙunci, yaron bai gaza ba.

Mun san abin da matsinmu ke haifarwa. Wani ya ɓoye sakamakonsa, wani ya ƙi zuwa gida ran Sallah, wani ya watsar da boko gaba ɗaya ya hau zemijan, don mun cusa masa cewa in ba rigar likita ba, komai banza ne.

Za a ce sassauci yana kashe himma. To, mu tambayi kanmu: idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare a ƙauyukan Tandjouaré, wa ke karɓar haihuwar? Ungozoma ce da ma'aikacin jinya, tun kafin a kai ga babban asibitin Dapaong. Makarantun ungozomomi da na ENAM a Lomé da Kara, da makarantar mataimakan jinya da ke Sokodé, su ke yaye waɗannan bayin Allah. Muna neman hannunsu ranar ciwo, amma muna raina ɗanmu idan ya bi sahunsu.

Iyaye, mu zauna da yaranmu tun kafin sakamako, a tsara zaɓi na biyu da na uku, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuma lissafa da gaske ko aljihunmu zai ɗauki shekara bakwai zuwa takwas na haya da abinci a Lomé ko Kara.

Ku kuma matasa, ku nemi likitanci da iyakar ƙarfinku. Wanda ya samu, Allah ya sa albarka. Wanda bai samu ba ya shigo gida da kansa a ɗage, mu karɓe shi, mu tambaye shi wace ƙofa zai ƙwanƙwasa gobe.