Jitar bas ta farko: katako busasshe ya fi katako mai suna

Kamaru ta yi suna a duniya wajen masu kaɗa jitar bas. Richard Bona, Étienne Mbappé, Armand Sabal-Lecco, duk 'yan ƙasar nan ne. Kuma katakon da manyan kamfanonin Turai ke ƙera irin wannan jita da shi, kamar wenge da bubinga da kamfanin Warwick na Jamus ya shahara da su, daga dazuzzukan yankinmu yake fita. Don haka idan matashi a Birikitiri ko New Bell ya ce zai haɗa tasa da hannunsa, ni ban ga abin dariya ba. Inda nake da ja shi ne yadda ake shiga kasuwar katako.

Yawancin samarin nan sukan tafi da suna a baki. Sun gani a YouTube an ce bubinga, to sai bubinga. Mai katako kuwa ba zai hana ka ba, ciniki ya zo masa. Sai ka ƙare kuɗinka a kan katako mai tauri da zai cinye bakin zarto, ga nauyi kamar dutse. Jitar bas da ta wuce kilo 4 da rabi, wanda ya rataya ta awa 2 a wurin biki zai ba ka labari da kafaɗarsa. Ga shi tun 2017 bubinga na cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe, tare da madobiya, saboda yawan sarewa. Bai kamata mai koyo ya yi gwaji a kansa ba.

A tuna, jitar bas da Leo Fender ya fito da ita a 1951 ba da wani katakon alfarma aka yi ta ba, abin da ke samuwa cikin sauƙi a Amurka ya ɗauka. A jita mai lantarki, tsirkiya da maganaɗisun da ke ɗaukar sauti su ne ke yin mafi yawan aikin. Gangar jiki kuwa, frake ya wadatar. Shi ne fa katakon da kamfanin Gibson ya kira korina a 1958, yau masu kuɗi na rububinsa, mu kuma muna yin benci da shi. Ayus ya fi shi rashin nauyi, sai dai yana da laushi, ba ya riƙe kusa sosai. Safeli ma ya yi, in an samu marar nauyi.

Wuyan jitar shi ne inda ya kamata a tsaya a natsu, a kuma kashe kuɗi. Tsawon tsirkiya daga gada zuwa kai santimita 86 ne da ɗoriya, kuma tsirkiyoyi 4 in an ɗaure su suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana. Ƙarfen da ake sakawa a cikin wuya yana gyara ɗan lanƙwasa, amma ba ya gyara wuyan da ya murɗe. Saboda haka ka ɗaga katakon, ka sa ido a bakinsa kamar mai saitin bindiga. Jijiyarsa ta tafi sak daga farko har ƙarshe, babu ƙulli, babu tsaga, babu ramin ƙwaro. In ba a samu guda mai kyau ba, a tsaga gida 3 a juya na tsakiya a manne da gam, ya fi guda ɗaya juriya. Mai aiki da wenge kuma ya rufe hanci, ƙurarsa ba ta da daɗi, sartsensa ma yakan sa ruwa.

Babbar matsalar dai ita ce danshi. Kowane mai katako zai rantse maka nasa ya bushe. Bushewar da ta isa yin rufin ɗaki daban, ta jita daban. Masu ƙera kayan kiɗa suna neman danshin da bai wuce kashi 8 cikin 100 ba, katako kuma in iska ce kaɗai za ta busar da shi, ƙa'idar kafintoci ita ce kusan shekara guda ga kowane inci na kauri. Gangar jita ta kusa inci 2, sai ka yi lissafi. Sannan ƙasarmu ba yanayi ɗaya ba ce. Katakon da ya zauna lafiya a laimar Duwala, in aka kai shi Garwa ko Marwa hunturu ya buge shi, zai tsuke, ƙarafan da ke kan wuya su fito suna yankan yatsa.

Shi ya sa nake ganin tsohon katako ya fi wa mai farawa. Tsohuwar ƙofa, ƙafar gado, teburin makaranta da aka jingine shekara 20, sun gama duk motsin da za su yi, kuma kuɗinsu kaɗan ne. A dai bincika kusoshi kafin a kai wa mai inji, don in haƙorin injinsa ya karye, kai za ka biya. Wanda kuma ya sayi sabo, ya jera shi a ɗakin da zai yi aikin, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bari damina da hunturu su wuce a kansa kafin ya ɗora zarto.