Filin Mata: Ranar Gwajin Mai Neman Ilmin Kiɗa da Waƙa a Jami'a

Maganarmu ta wannan mako ta shafi uwar da 'yarta ta ce ita ilmin kiɗa da waƙa take so ta karanta a jami'a, ta kuma shafi yarinyar kanta.

Na sani wata da jin haka za ta riƙe baki ta ce, "Roƙo kuma har sai an je jami'a?" To, ki kwantar da hankalinki, uwargida. Wannan ilmi ne mai littattafai da malamai da digiri. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe sashensa tun 1961, ita ce ta fara a ƙasar nan, daga baya wasu suka bi, kamar ta Ife. Waɗanda suka gama, wasu malamai ne, wasu suna gidajen rediyo, wasu kuwa bincike suke yi a kan waƙoƙin mutanensu don kada su ɓace. Kada kuma ki manta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988.

Abin da ya bambanta wannan fanni da sauran shi ne, cin jarrabawar JAMB da samun sakamako mai kyau na sakandare ba su cika isa ba. Sau da yawa sai malaman sashen sun ga mai nema ido da ido, sun ji muryarta ko kiɗanta da kunnensu. Tsarin kowace makaranta daban ne, saboda haka tun da wuri a rubuta wa sashen ko a aika a tambayo abin da suke bukata, musamman ko suna karɓar kayan kiɗanmu na gida irin su kalangu da goge da sarewa, ko kuwa murya da piyano da makamantansu kaɗai.

Yanzu ke yarinya, matso kusa, da ke nake.

Za a kira ki ɗaki ki tarar da malamai biyu ko uku, ko fiye, zaune da takardu, ga piyano a gefe. Ki gaishe su, ki faɗi sunanki da sunan abin da za ki rera. Galibi akan so waƙa biyu masu bambancin tafiya, ɗaya mai sanyi, ɗaya mai sauri. A nan ne 'yan mata da yawa ke kā da kansu, watau su ɗauko waƙa mai wuya don su burge, su je tsakiya murya ta ƙi hawa. Ki zaɓi wadda ta zauna miki daidai, wadda ko daga barci aka tashe ki za ki rera ta. In waƙar rubutacciya ce, ki zo da kofe na malamai da na wanda zai raka ki da piyano.

Kina cikin rerawa za ki ga suna rubutu, wani ma ko kallonki ba ya yi. Aikinsu ke nan. Wataƙila ma su tsai da ke ba ki kai ƙarshe ba. Wannan ba alamar faɗuwa ba ce, sun ji abin da suke son ji ne, ga kuma mutane a waje suna jira. In kin yi tuntuɓe a wani wuri, kada ki tsaya, kada ki rufe fuska, kada ki ce a yi haƙuri ki sake. Ki wuce abinki. Malami ya san kowa na kuskure. Abin da yake lura da shi shi ne yadda kika tashi bayan kuskuren.

Sa'an nan sai gwajin kunne, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Malami zai taɓa sauti ɗaya a piyano ya ce ki maimaita da muryarki. Ya taɓa biyu ya ce wanne ya fi tsayi. Ya kaɗa ɗan gajeren kari ya ce ki rera shi yadda kika ji, ko ya tafa hannu ya ce ki tafa irinsa. Kada wannan ya ba ki tsoro, domin kin zo da guzurinsa tun daga gida. Harshenmu na hawa da sauka ne. Da kunne kike rarrabe kuka na ido da kukar miya, da kunne kike gane abin da kalangu ke faɗi. Wadda kuma ta tashi tana gaɗa a dandali, ko tana zama kusa da masu kiɗan ƙwarya irin na marigayiya Barmani Coge, tafi ba zai ruɗe ta ba. Wannan kunne shi malamai ke nema, gama murya ana iya gyara ta cikin shekarun karatu, amma kunnen da bai saba saurare ba ya fi wuyar horo.

Inda 'yan matanmu suka fi rauni shi ne karatun rubutun kiɗa. Ana rubuta shi a kan layi biyar, kowane ɗigo da sautinsa da tsawon lokacinsa. Za a iya miƙo miki takarda mai layi ɗaya ko biyu da ba ki taɓa gani ba, a ba ki ɗan lokaci ki duba, a ce rera. Wasu wurare kuma akwai 'yar jarrabawar rubutu. Wannan ba a koyonsa a daren gwaji. Ki nemi malami tun da watanni, ki fara da do, re, mi, ki saba hawa da sauka a kansu kullum, ko da minti ashirin ne. Mai hali tana iya zama jarrabawar ƙungiyar MUSON ta Ikko, wadda aka kafa a 1983, ko ta ABRSM ta Ingila. Dukansu mataki-mataki ne har zuwa na 8, takardarsu kuwa tana nuna da gaske kike. In an ba ki takardar kin ga ta fi ƙarfinki, ki gwada dai, ki riƙe tafiyar kiɗan ko da sautin ya kuɓuce miki. Shiru ne kaɗai ba ya samun maki.

Ga wata magana da ta shafe mu mu Hausawa musamman. Mun yi wa 'ya'yanmu tarbiyyar sunkuyar da kai da sassauta murya gaban manya, abu ne mai kyau kuwa. Amma wadda ta sunkuya, haɓa a ƙirji, ta toshe hanyar numfashinta, muryar ba za ta fita ba. Ki tsaya sosai, ƙafafu a kafe, ki ja numfashi har ciki, ki dubi bango can saman kawunansu in ba ki iya duban idonsu. Wannan ba rashin kunya ba ne. Ke kuma uwa, taimakon da za ki yi mata ke nan: ki tara ƙannenta da 'yan'uwanki a tsakar gida ta rera a gabansu sau da yawa, har rawar jiki ta ragu.

A ƙarshe sukan yi 'yar hira. Me ya sa kike son wannan fanni? Waƙoƙin wa kike saurare? Kada ki ce don ba ki sami likitanci ba ne, ko da hakan ne. Kada kuma ki ji nauyin ambaton mawaƙan gida. Wadda ta iya bayanin abin da ya sa amshin Shata ke ratsa jiki ta fi wadda ta haddace sunayen Turawa ba ta taɓa jin kiɗansu ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A yi barci da wuri, a bar hayaniya da ɗaga murya kwana ɗaya kafin ranar, a sha ruwa sosai, a ci abinci mara nauyi. Tufafi su zama na mutunci amma masu sakewa, mayafi kada ya shaƙe wuya ko ya rufe hannun mai kaɗa piyano. In garin da nisa, kamar mai tashi daga Kano zuwa Nsukka, a sauka kwana ɗaya kafin ranar, a je a ga ɗakin, a kuma isa da sassafe domin a sami wurin da za a ɗan motsa murya kafin a kira suna.

Sai mako mai zuwa.