Nukiliyar Zariya: Barazanar da soja ba zai iya tarewa ba

Mutane da dama ba su san akwai na'urar nukiliya a Jihar Kaduna ba. Tana Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kuma tun 2004 take aiki. Ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kilowat 34. Bincike ake yi da ita, ba ta samar da lantarki.

A 2018 aka cire makamashinta na asali, wato yuraniyom mai ƙarfi irin wanda ake iya haɗa bam da shi, aka mayar da shi Sin, aka zuba mai rauni. Duk wanda ya ga yadda 'yan bindiga da mayaƙan Ansaru suka yi sansani a dajin Birnin Gwari, da yadda masu garkuwa suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya a 2021, zai ce an yi abin a kan gaɓa.

Sai dai soja da katanga barazanar waje kawai suke tarewa. Akwai ta cikin gida, kuma tarihi ya nuna ita ta fi yin ɓarna.

A 2002, a tashar Davis-Besse ta jihar Ohio a Amurka, ma'aikata sun tarar da rami a murfin tukunyar nukiliya. Ruwa mai guba ya shekara da shekaru yana ɗiga, ya cinye ƙarfe mai kaurin kusan inci 6, saura ɗan siririn rufi. An sha ganin alamar tsatsa, amma shugabanni suka fifita samar da wuta a kan tsayawa a duba. Ba ilimi aka rasa ba, mai tsawatarwa aka rasa.

Wannan ne abin da hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, ta riƙa kira al'adar kiyaye haɗari tun bayan bala'in Chernobyl na 1986. Ma'auninta sauƙi gare shi: idan ƙaramin ma'aikaci ya ga matsala, zai iya dakatar da aiki ba tare da fargabar fushin maigida ba?

Tambayar ta shafe mu, domin a 2017 Najeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan gina tashar lantarki ta nukiliya, kuma an ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Ƙasar da matatar manta ta Kaduna ta yi shekaru a tsaye, babban layin wutarta kuma yake yawan durƙushewa, ba ta da hujjar cewa a yarda da ita ido rufe.

Zariya ce wurin gwaji. Ya kamata hukumar sa ido kan nukiliya ta ƙasa, NNRA, ta riƙa wallafa sakamakon dubawarta, Majalisar Tarayya ta binciki ko kuɗin gyara na isa a kan lokaci, a kuma kafa kariya ga ma'aikacin da ya fallasa sakaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ko daga daji ya fito ko daga ofis.