Abin da na'urar bin sawun kifi ta bayyana a kogin Mekong

A watan Yunin 2022 wani masunci a lardin Stung Treng na Kambodiya ya kama wani kifi mai faɗi kamar faifai, mai nauyin kilo 300. Masana sun maƙala masa wata 'yar na'ura mai fitar da sauti, suka mayar da shi kogin Mekong.

Bayanan da aka tattara sun nuna cewa bai yi nisa da gurbin da aka kama shi ba, kuma a yankin ne aka taɓa tsara gina madatsun ruwa. Ga kifin da ba ya ƙaura, madatsa ɗaya ta isa ta lalata mazauninsa.

A 2023 Firaminista Hun Manet ya yi alkawarin ba za a gina su ba, sai dai buƙatar lantarki a ƙasar na ƙaruwa.