TASHAR FITA: Gyara Ba Tare da Leƙen Asirin Matafiya Ba

Garin Kafanchan ya yi suna ne saboda jirgin ƙasa. Tun shekara ta 1927 ya zama mahaɗa, inda dogon da ya taso daga Fatakwal ya ke rabuwa biyu, reshe guda ya nufi Kaduna, guda ya haura Jos. Tsofaffin ma'aikatan reluwe na unguwar Bayan Loko sun san abu guda: tarago ya na iya zama lafiya lau, dogo ma lafiya lau, amma idan takardar da ke nuna inda kaya za su sauka ta ɓace, to, kayan nan za su kwana a tasha. Wannan ilmi na mutanen mahaɗa shi ne mabuɗin batun wannan mako, watau yadda a ke gano cuta a kuma gyara ta a tashar fita ta hanyar sadarwar nan mai ɓoye sawu da a ke kira Tor.

Dalilin ɗauko batun ba ɓoyayye ba ne. A ran 5 ga watan Yuni na 2021 Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter a ƙasar nan, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu na 2022, kuma a tsakanin nan dubban mutane suka koyi zagayawa ta VPN da makamantansa. A ƙarshen Satumba na 2021 ɗin kuma Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan tarho a waɗansu sassan jihar saboda 'yan bindiga, har zuwa ƙarshen Nuwamba. Waɗannan abubuwa biyu ba iri ɗaya ba ne, ko da ya ke a bakin jama'a duk sunansu "babu sabis". A na farko hanya ta na nan, ƙofa ɗaya aka toshe, saboda haka a na iya zagayawa. A na biyu kuwa hanyar ce dungurungum aka ɗauke, kuma babu wata dabara ta Tor ko waninsa da za ta yi magana da turken da aka kashe. Rarrabe irin wannan shi ne matakin farko na kowane gyara.

Asalin Tor daga ɗakin binciken sojan ruwa na Amurka ne, a tsakiyar shekarun 1990. An fara aiki da shi a 2002, sa'an nan a 2006 aka kafa ƙungiya mai zaman kanta da ke kula da shi har yau. Alamarsa albasa ce, domin saƙo ya na tafiya ne a naɗe cikin ɓawo uku na kulle. Tashar shiga ta san wanda ya aiko saƙo amma ba ta san inda za shi ba. Tashar tsakiya ba ta san ko ɗaya ba. Tashar fita ita ke ɓare ɓawon ƙarshe ta miƙa saƙon ga shafin da a ke nema. Ta san inda za shi, amma ba ta san wanda ya aiko ba. Tashoshin nan dubbai ne, 'yan sa kai ke riƙe da su, mafi yawansu a ƙasashen Turai da Amurka, kuma na fita su ne kaɗan a ciki, don su ne masu ɗaukar dukan zargi.

To, ina sunaye suka shigo? Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Duk sunan shafin da mutum ya rubuta sai an mai da shi lambar adireshi kafin a kai gare shi, kuma tsarin da ke wannan aiki, wanda a ke taƙaita sunansa DNS, wani Ba'amurke ne mai suna Paul Mockapetris ya tsara shi a 1983. Kundi ne na sunaye, da magatakarda masu duba shi. Muhimmancinsa ya bayyana ran 4 ga Oktoba na 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga duniya kimanin sa'a shida: kuskure a gyaran hanyoyin kamfanin ya sa aka kasa kaiwa ga masu riƙe da kundin sunayensa, sai ya zama kamar babu shi. A cikin tsarin Tor kuwa, mai amfani ba ya tambayar suna da kansa, don in ya yi haka kamfanin layinsa zai ga inda ya nufa. Sunan a ke aikawa a kulle har tashar fita, ita ce za ta tambayi magatakarda. Ashe ke nan idan magatakardan tashar fita ya yi barci, wani mutum a Tehran ko Addis Ababa zai ga shafi ya ƙi buɗewa, alhali mai tashar ya na kallon fitilun na'urarsa duk su na ci, bai san a na wahala ba.

Masu wannan sana'a su na bin bincike daki-daki, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya. Na farko wuta da agogo. Kowace sa'a a na fitar da sabon jerin tashoshin da aka amince da su, kuma jerin ya na da lokacin fara aiki da na ƙarewa; kwamfutar da agogonta ya kauce, kamar yadda ya kan faru bayan ɗaukewar wuta in batirin cikinta ya mutu, za ta ɗauki jeri mai kyau a matsayin tsoho ko wanda lokacinsa bai yi ba. Tashar da ke mutuwa ta na tashi kullum kuma ba ta samun shaidar dogaro, saboda haka ba a turo mata zirga-zirga sosai.

Na biyu, shin a na iya iso ga tashar daga waje? Dole ta kasance da lambar adireshi tata ta kanta, da ƙofa buɗe a katangar tsaro, galibi ƙofa ta 9001 ko ta 443. Manhajar Tor ta na gwada wannan da kanta ta rubuta sakamakon a littafin aikinta, don haka duba littafin nan ya fi zato. A nan ne mafi yawan masu sha'awa a Kudancin Kaduna za su ci karo da bango, domin intanet ɗin wayar salula a kan tara masu layi da yawa ne a bayan lamba guda, kamar 'yan haya a gida mai ƙofa ɗaya: kowa na iya fita, amma baƙo ba ya iya ƙwanƙwasa ɗakin wani kai tsaye.

Na uku, ƙarancin zirga-zirga. Sabon mai tasha ya kan tsorata in ya ga kwana biyu ko uku babu kowa, alhali ba cuta ba ce. Sai an auna ƙarfin tashar tukuna, sa'an nan a riƙa ƙara mata kaya sannu a hankali har makonni. Abin da ya kamata ya duba shi ne ƙa'idar fitarsa, watau jerin ƙofofin da ya yarda a fita ta cikinsu. In bai buɗe ta 80 da ta 443 ba, waɗanda shafukan intanet ke amfani da su, ba za a lasafta tasharsa cikin na fita ba. Ƙofa ta 25 kuwa, ta aika wasiƙu, a rufe ta ke tun asali, don kada masu wasiƙun damfara su samu wurin shiga.

Na huɗu shi ne inda gizo ke saƙar, watau sunaye. Gwajin mai sauƙi ne: daga kan kwamfutar tashar, a nemi wani wuri da lambarsa, sa'an nan a neme shi da sunansa. In lamba ta kai amma suna bai kai ba, to, hanya ba ta da laifi, magatakarda ne. Cutarsa kuma iri uku ce. Ko dai tambayoyi sun yi masa yawa, domin tashar fita mai ƙarfi ta na yin tambayar mutane masu ɗimbin yawa, har kamfanin layi ya ɗauka hari ne ya fara watsar da su. Ko kuma magatakardan maƙaryaci ne, wanda in an tambaye shi sunan da babu sai ya ba da lambar shafin talla. Manhajar Tor ta na gwada shi da sunayen ƙarya don ta kama irin wannan. Ko kuwa an ba shi umurni ya ɓoye waɗansu sunaye. Wannan na uku ba baƙon abu ba ne a Nijeriya, inda a 2017 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umurci kamfanoni su toshe shafuka 21, kuma a Janairu na 2021 masu karatu suka wayi gari ba sa iya buɗe shafin jaridar Peoples Gazette a manyan layuka. Tashar fita da ke zaune a bayan irin wannan shinge za ta ɗora shi a kan duk wanda ya bi ta cikinta daga ko'ina a duniya, kuma masu lura da tsarin su na iya yi mata tambarin muguwar tasha, a daina fita ta wurinta.

Mutum zai ce maganin ai mai sauƙi ne, a koma ga magatakardan Google mai lamba 8.8.8.8, tun da ba ya gajiya. Nan ne kuwa tarko ya ke. Wani bincike da masana a Sweden da Jami'ar Princeton suka fitar a 2016 ya nuna cewa a waɗansu lokuta wajen kashi 40 cikin 100 na tambayoyin sunaye da ke fita daga Tor su na bi ta hannun Google kaɗai. Tsarin da aka gina don kada wani guda ya ga komai, sai ga shi an tara kaso mai yawa a gaban ido ɗaya. Saboda haka shawarar ƙungiyar Tor ita ce kowace tashar fita ta ajiye magatakardanta a cikin gida, da manhaja irin su Unbound, wadda ke tambayar tushen kundi da kanta, ta na ajiye amsoshi na ɗan lokaci don rage jira, ta na kuma duba hatimin amsa inda akwai shi.

Na biyar cunkoso. Tashar fita ta na riƙe da dubban hulɗoɗi a lokaci guda, kuma kwamfuta da katangar tsaronta su na da iyakar adadin da za su iya lissafawa. In teburin lissafin ya cika, sai sababbin hulɗoɗi su riƙa zubewa, har da tambayoyin sunaye, sai a ɗauka laifin magatakarda ne alhali ba shi ba ne. Wani lokaci ma cutar ta na can nesa, kamar ran 14 ga Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta jan ƙafa a ƙasashe da dama. Makaniken kirki ba ya kwance injin mota don gada ta karye.

Amma akwai hanyar bincike guda da aka haramta, ko da ya ke ita ce ta fi sauƙi: buɗe saƙonnin da ke wucewa a karanta, ko rubuta sunayen shafukan da mutane ke nema. Mai tashar fita ya na da ikon yin haka, kuma an taɓa yi. A 2007 wani ɗan Sweden, Dan Egerstad, ya kafa tashoshin fita ya tsinci kalmomin sirrin wasiƙun ofisoshin jakadanci, ya wallafa guda 100. A 2020 kuma aka gano wani gungu da ya kai ga riƙe kusan rubu'in ƙarfin fita, ya na karkatar da kuɗin Bitcoin na masu wucewa. Darasi ga mai amfani shi ne kada ya shigar da sirrinsa a shafin da ba shi da alamar kwado. Darasi ga mai tasha kuwa shi ne ya yi aiki da ƙidaya, watau tambaya nawa aka yi, nawa aka amsa, nawa suka makara, ba tare da sanin ta wa ko ta me ba. Ma'aikacin gidan waya ya na auna nauyin wasiƙa, amma ba ya buɗe ambulan.

Lalle ne kuma a faɗi haɗarin da ke ciki. Duk ɓarnar da wani ya yi ta hanyar tashar, lambar mai tashar za a gani. A Afrilu na 2017 aka kama wani malamin lissafi a Mosko, Dmitry Bogatov, saboda rubutun da ya fita ta tashar da ya ajiye a gidansa, ba a janye tuhumar ba sai 2018. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ɗora wa masu ba da hidimar sadarwa nauyin ajiye bayanan zirga-zirga na shekara biyu, don haka neman shawarar lauya ya zo kafin sayen na'ura. Ƙungiyar Tor da kanta ta na gargaɗi kada a kafa tashar fita a gida. Ba kuma a musun cewa miyagu su na fakewa da wannan hanya. Amma a yankin da ya sha rikici, shaidan da ke tsoron ramuwar gayya da ɗan jaridar da ke kare wanda ya ba shi labari su ma ita su ke bukata.

To, mene ne rabon Kafanchan? Garin ba baƙo ba ne a wannan fage. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta shimfiɗa intanet marar waya mai suna Zittnet daga Bayan Loko a cikin shekarun 2000, da faifan tauraron ɗan Adam da hasken rana, tun kafin intanet ya zama ruwan dare a karkara. Saurayin da ke da layi mai kyau ya na iya taimakawa ba tare da ɗaukar haɗarin fita ba, ta hanyar ƙaramar manhajar Snowflake, wadda ke ba waɗanda aka toshe wa Tor a ƙasarsu hanyar shiga. Ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin da na Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya kuwa, in suka koyi rarrabe cutar wuta da ta hanya da ta suna, sun samu sana'ar da banki da asibiti da ofishin ƙaramar hukuma duk ke nema, ko da ba su taɓa kafa tashar Tor ba. Abin da ya kamata malamansu su haɗa musu da shi shi ne ladabin sana'ar: wanda aka ba tsaron hanya, a hannunsa sirrin matafiya ya ke, kuma amana ce.